Daga Haraji Zuwa Kason Tarayya: Tarihin Kuɗin Makarantun Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake nuna mana fitowar wannan mujalla tamu ta shekara-shekara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna birane, kusan duk wanda ya zo gida hutun salla a cikinku, idan ya bi ta gefen firamaren da ya yi karatu ya ga rufin da iska ta yaye, tambaya ɗaya yake yi mana: ina kuɗin makaranta suke tafiya? Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta, wato daga ina kuɗin suke fitowa? Wannan ita ce muke son mu bi tarihinta, domin mun lura cewa duk lokacin da aka sauya aljihun da ake ciyar da makaranta daga gare shi, sai zaman makarantar da mutanen gari ya sauya.

Kafin Zuwan Turawa

Ilimi ba baƙo ba ne a wannan yanki. Bayan jihadin 1804, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Tambuwal yana riƙe da ribaɗinta, kuma inda duk aka kafa ribaɗi, akan kafa masallaci da makaranta tare da shi. Malamin allo da malamin zaure ba su da albashi daga wata taska. Jama'a ne ke ɗauke da su ta hanyar kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da zakkar hatsi bayan kaka, da taya malam noman gonarsa. Wanda ya ba da damin gero ya san malamin da ya ba, ya kuma san yaran da ke gabansa. Saboda haka idan malam ya yi sakaci, ba sai an kai ƙara ko'ina ba, a kaka mai zuwa zai gani a rumbunsa.

Wannan tsari yana da nasa rauni. Garin da ke da wadata shi ke jan manyan malamai, ƙaramin ƙauye kuwa sai dai ya tura 'ya'yansa almajiranci. Mu riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a gaba.

Zamanin En'e: Makarantar Haraji

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba su daɗe ba suka tattara kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa suka mayar da su haraji ɗaya a ƙarƙashin dokar 1906, suka kuma bar jangali a kan shanu. Daga wajajen 1911 aka soma kafa baitulmali a masarautu. Abin da aka tara ana raba shi tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, kuma daga kason En'e ake biyan sarakuna, da alƙalai, da dogarai, da malaman asibiti, da malaman makaranta.

Yadda ake karɓar harajin sananne ne ga dattawanmu. Malamin haraji ya ƙidaya magidanta da samarin da suka isa biya, a yanka wa kowane gari abin da zai kawo, mai unguwa ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa, uban ƙasa ya kai Sakkwato hannun ma'aji. Ko da yake a kan kai ake biyansa, asalin ƙiyasin yana duban albarkar gari ne, wato gonakinsa da sana'o'insa da dabbobinsa. Ke nan shi ne abin da ya fi kusa da harajin dukiya a tarihinmu.

Da wannan kuɗi aka gina makarantun boko na farko. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, sannan aka yi ta kafa elementare a manyan garuruwan gundumomi da Midil a hedikwatar lardi. Makarantun ba su da yawa. Maƙwabcinmu marigayi Alhaji Shehu Shagari sai da ya bar garinsu ya tafi Yabo kafin ya sami elementare a farkon shekarun 1930, daga can ya wuce Midil ta Sakkwato. Haka yaran ƙauyukanmu da yawa suka yi, akan raba su da iyayensu a ajiye su gidan wani a babban gari.

Kada son tuna da ya sa mu manta da zafin haraji. An ɗaure mutane saboda shi, an shanya wasu a rana, an sayar da akuya da hatsin ci domin a biya shi, kuma yana cikin abin da ya sa samarinmu tafiya cin rani Kurmi da Gwanja. Sau da yawa talaka da mai hali kusan abu ɗaya suke biya. Amma duk da haka akwai abin da ba a iya musu: wanda ya biya ya san cewa allo da alli da albashin malam daga guminsa suka fito, uban ƙasa kuma ya san za a tambaye shi idan aji ya zama kango. Akwai littafin kasafi, akwai mai binciken kuɗi, kuma kwabo bai fita baitulmali sai da takarda.

Gab da samun mulkin kai da bayansa, kowace jiha ta nemi hanyar faɗaɗa ilimi. Jihar Yamma a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta soma ilimin firamare kyauta a 1955. Jihar Gabas ta gwada a 1957, kuɗi suka gaza, aka dawo da kuɗin makaranta a shekarar da ta biyo. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta bi a hankali. Ta sa Baturen nan Oldman ya binciki yadda za a ɗauki nauyin firamare, kuma bisa rahotonsa aka yi dokar ilimi ta 1962 wadda ta kafa hukumomin ilimi na yanki, wato LEA. Gwamnatin jiha na ba da gudummawa, En'e na cika sauran daga haraji. Har ila yau, a 1967 aka sami asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, wanda Alhaji Shehu Shagari ya yi wa sakatare, aka gina makarantu da gudummawar jama'ar lardin. Wannan ya nuna cewa taimakon kai da kai a sha'anin ilimi ba yau muka fara shi ba.

Zuwan Kuɗin Mai

Abubuwa uku suka haɗu cikin 'yan shekaru kaɗan suka tumɓuke wancan tsari. Na farko, kuɗin man fetur sun cika taskar tarayya bayan tashin farashinsa a 1973. Na biyu, a Sakkwato Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwa a 1974 cewa za a yi ilimin firamare kyauta ga kowa, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shirin, wato UPE, a watan Satumba na 1976. Na uku, a wannan shekara ta 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen En'e, aka kuma ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma.

An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3. Mu da aka ɗiba zuwa kwalejojin horon malamai a wancan lokaci shaidu ne a kan alherin shirin. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka wayi gari da azuzuwa biyu ko uku, 'ya'yan talakawa suka sami abin da a da sai 'ya'yan sarakuna da barorinsu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, 'ya'yan UPE ne.

A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai igiyar da ta ɗaure aljihun magidanci da makarantar garinsu ta tsinke daga ranar. Makaranta ta koma kayan gwamnati, kuma kowa ya san yadda ake riƙon kayan gwamnati. Taga ta ɓalle, sai a jira Legas. Awaki su kwana a aji, ba mai kora.

Jifa da Makaranta Tsakanin Hukumomi

Tsarin mulkin 1979 ya mayar da firamare hannun jihohi da ƙananan hukumomi, gwamnatin tarayya ta janye hannunta. Da farashin mai ya faɗi daga 1981, sai aka rasa na biyan albashi, malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba ko sisi, wasu suka koma gona da kasuwa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa da asusunta, al'amura suka ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa komai ga shugabannin ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka dawo da ita, aka koma cire albashin malamai tun daga sama kafin kason ƙaramar hukuma ya iso gare ta. Cikin shekara biyar, sau uku aka sauya wa makarantar firamare uba, kuma Hausawa sun ce ɗan da ke da iyaye da yawa shi ke kwana da yunwa.

Ana cikin haka aka cire Jihar Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, Kebbe kuma ta sami ƙaramar hukumarta a shekarar ta 1996. Ranar 30 ga Satumba 1999, Shugaba Obasanjo ya zo Sakkwato ya ƙaddamar da shirin UBE. Dokar shirin ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, da sharaɗin cewa jiha ba za ta karɓi kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. Wannan kaso daidai-wa-daida ake raba shi tsakanin jihohi, ba a duban wadda ta fi yawan yaran da ba su zuwa makaranta. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993 kuwa, a 2011 aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai a ƙarƙashin TETFund.

A ƙarshen 2015 ɗan wannan yanki, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka kuma kafa kwamitin tuntuɓa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na Uku. Ko ba komai, wannan ya nuna an gane cewa ilimi ba zai gyaru ba sai an dawo da sarakuna da jama'a cikinsa. Sannan ranar 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. An sha jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, amma ya sake taso da tsohuwar tambaya: idan kuɗi suka zo hannun ƙaramar hukuma, wa zai tabbatar malamin firamare bai koma halin 1991 ba?

Shin Harajin Gidaje Ne Mafita?

Wasu 'yan'uwa da suka zauna ƙasashen waje sukan ce mu yi yadda ake yi a Amurka, inda kowace gunduma ke ciyar da makarantunta da harajin gidaje da filaye. Dokarmu ma ta buɗe wannan ƙofa, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta gidaje domin karɓar haraji, dokar 1998 kuma ta lissafa mata kuɗin kasuwa da na tasha da na mahauta da harajin shanu. Jihar Legas ta haɗa irin waɗannan kuɗaɗe na gida da fili wuri ɗaya tun 2001.

Amma kafin mu ɗauko, mu dubi abin da ya same su. Fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga gundumomi yake fitowa, mafi yawansa harajin gidaje. Sakamakon haka, unguwar masu kuɗi takan ɗora haraji kaɗan ta tara da yawa, unguwar talakawa ta ɗora mai nauyi ta tara kaɗan. A 1971 babbar kotun Jihar Kalifoniya ta ce wannan tsari ya saɓa wa daidaito. Irin wannan ƙara da iyayen yara daga wata unguwar talakawa a birnin San Antoniyo suka shigar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, inda a 1973 suka sha kaye da alƙalai biyar a kan huɗu. A 1994 Jihar Mishigan ta rage dogaro da harajin gidaje, ta ƙara harajin saye da sayarwa daga kashi 4 zuwa 6 cikin 100, ta koma ba kowace makaranta kuɗi bisa yawan ɗalibanta. Ke nan su kansu masu abin gyara suke ta yi fiye da shekara hamsin.

Mu kawo misalin gida. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, yana da kasuwa da shaguna da gidajen mai da gidajen siminti. Dogon Daji da Sanyinna da Jabo su ma suna da abin da za a ƙiyasta. To, me za a ƙiyasta a ƙauyukan da ke bayan Kuchi, ko Girkau, ko Margai, ko Ungushi, inda gidan ƙasa da rumbu su ne dukiya, inda kuma matsalar tsaro ta hana wasu noma gonakinsu? Idan aka ce kowane gari ya ci gashin kansa, yaron da ya fi buƙatar makaranta shi zai sami mafi lalacewa. Raunin nan ne da muka gani tun zamanin makarantar allo.

Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye, 'yan'uwa. Dukiyar 'ya'yan Tambuwal da Kebbe mafi tsoka ba a gida take ba. Tana Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas. Can kuka gina gidaje, can kuke biyan haraji, can 'ya'yanku ke karatu, galibi a makarantun kuɗi. Ƙauye ya rene ku da kuɗin UPE da gumin iyaye, birni ya ci amfanin. Harajin gidaje, yadda yake a doka, ba zai dawo da ko kwabo na wannan dukiya zuwa ajin da kuka koyi baƙaƙe a cikinsa ba.

Abin da Tarihi Ya Koya Mana

Mun ga zamanin da kuɗin gida kaɗai ke riƙe da makaranta: akwai kula da bin diddigi, amma makarantun kaɗan ne, kuma talaka ya sha wuya. Mun ga zamanin da kuɗin sama kaɗai ke riƙe da ita: ta yaɗu ko'ina, amma ta rasa mai ita. Gyaran da muke gani shi ne a haɗa biyun, kowanne da aikinsa.

Na ɗaya, albashin malamai da ginin azuzuwa su ci gaba da fitowa daga kason tarayya da na jiha, kuma a riƙa rabo bisa yawan yaran da suka isa shiga makaranta, tare da ƙari ga ƙauyukan da ke nesa da hanya. Malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye mai nisa ya cancanci alawus da ɗakin kwana. Wannan magana ce da ya kamata wakilanmu na majalisar jiha da ta tarayya su riƙa ji daga bakin ƙungiyarmu a kai a kai.

Na biyu, ƙananan hukumominmu biyu su ware wani sanannen kaso daga kuɗin kasuwa da tasha da harajin manyan gidaje da shaguna domin gyare-gyaren makarantu, wato rufi da benci da rijiya da makewayi. A tara shi a asusu ɗaya na ƙaramar hukuma, a raba bisa buƙata, ta yadda kuɗin da aka karɓa a bakin titi zai kai ga ƙauyen da ba ya da titi. Gidan ƙasa na manomi kada a taɓa shi, domin ba haraji irin na da muke kira a dawo da shi ba.

Na uku, mu da muka gina gidajen bulo a gida, waɗanda ke rufe wata goma sha ɗaya a shekara, mu zama na farko da za su yarda a ƙiyasta nasu. Wanda bai gina ba, ya yanka wa kansa abin da zai riƙa sakawa duk shekara a asusun ilimi na ƙungiya. Mai hali kuma ya tuna da waƙafi: shago ɗaya a Sakkwato ko Abuja da aka tsayar da hayarsa ga wata firamare zai yi ta saya mata alli da littattafai bayan ran mai shi.

Na huɗu, kuma shi ne gishirin sauran, a bayyana lissafi. Kowace makaranta tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC. A riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar ofishin hedimasta, a karanta shi a gaban uban ƙasa da iyayen yara sau ɗaya a zango, wannan mujalla kuma ta buga taƙaitaccensa duk shekara. Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da ke hana su bayarwa shi ne rashin sanin inda na bara ya shiga.

Kammalawa

Iyayenmu sun biya haraji da kuka, aka gina elementaren da ta fitar da malamanmu. Mu kuma aka koyar da mu kyauta da kuɗin mai. Yaran da ke zaune a ƙasa yau a azuzuwan Tambuwal da Kebbe ba su da En'e, kuma kuɗin mai ba su isa kamar da. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sanya wannan batu cikin ajandar babban taro mai zuwa, kowane reshe na birni kuma ya zo da sunan makarantar da zai fara da ita da abin da ya tara.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.